Belina da Fadamar Kawu Altine

Bana azumi ya sake faɗowa daidai da cirar albasa. Jiya da hantsi ina zaune a gindin rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa a ciki, sai warin busasshen ganyenta ya haɗu da ƙishirwar da ke maƙogwarona, na ji kamar an ɗauke ni an mayar da ni shekara talatin da wani abu baya. Sai azumi ya yi irin wannan doguwar zagayawa kafin ya komo cikin bazara. A wancan karon ina sabon magidanci, ga ƙarfi ga zafin kai, kuma a gidan yari na ga watan azumin.

Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, tsakanin Goronyo da Wurno. A lokacin injin ban ruwa sai wane da wane. Mu sauran jigo muke ja. Ka tsaya a bakin ruwa tun sanyin safiya, ka tsoma guga, ka ɗago, ka juye a hanyar ruwa, itacen jigo yana kuka a kanka har sai kafaɗunka sun daina jin kansu. Ni da maƙwabcina Lawali hanya ɗaya muke sha, daga wani tafki da gulbi ke bari in ya janye. Shekarar ruwan ya janye da wuri. Tun kafin sanyi ya gama fita tafkin ya koma laka a gefe, kifi na mutuwa a ciki, sai muka raba: ni da safe, shi da yamma.

Wata safiya cikin watan Sha'aban, albasata tana ɗaura kai, lokacin da in ta rasa ruwa ta lalace ke nan, na ja jigo har rana ta ɗaga. Da na zagaya in duba fangalina sai na tarar da shi a bushe, ruwan da na sha wahalarsa duk ya kwarara cikin na Lawali. Shi kuwa yana tsugune yana cire ciyawa. Ban tambaye shi komai ba. Na ɗaga ƙotar hauya na sauke masa, ya kare da hannu, hannun ya karye. Daga baya aka ga sawun shanu a wurin. Su ne suka taka bakin hanyar ta fashe. Lawali bai ma lura ba.

'Yan'uwansa suka kai ƙara, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yan sanda suka zo suka tafi da ni, aka gabatar da ni gaban majistare a Wurno, aka ce a ajiye ni a gidan yari sai an sake zama. Abin da na fi tunawa a ɗakin nan shi ne zafi. Kwanon rufi yana ƙuna da rana, bango ya riƙe zafin ya ƙi saki, ga mu jibge muna shaƙar gumin juna. Sauran mutane suna maganar shari'arsu, ni kuwa ba abin da nake gani in na rufe ido sai ganyen albasata yana kwantawa.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami. Wanda ya riƙe ni shi ne Kawu Altine, yayan mahaifiyata, tsoho siriri mai ɗan tari, wanda duk abin da ya mallaka a duniya fadama ce guda da ya gada, ita ke ciyar da gidansa. Shi ya riƙa zirga-zirga a bakin kotu. A can wani mai jar hula, irin masu zama a ƙofar kotu suna tare baƙi, ya ja shi gefe ya ce masa beli saye ake yi, a kawo abin da ya kamata shi zai san hannun da zai saka wa. Da labarin ya kai gida, matata Hajo ta fito da tasoshinta da awakinta ta ce a kai kasuwar Goronyo.

Kawu ya ce mata, “Maida kayanki ɗaki, ɗiyata. Mutumin da bai iya kallon idona in shina magana, ba ni ba shi ko akuya guda.”

Yana da wani aboki a Gandi, tare suka yi fataucin gero da ƙuruciya, kuma ya ji an ce ɗan abokin nan ya yi karatun lauya, yana aiki a Sakkwato amma yakan zo gida ranar kasuwa. Kawu ya hau motar 'yan kasuwa ya tafi. A zauren uban ya same shi, zaune a tabarma yana shan fura. Mu a lokacin abin da muka sani game da lauya shi ne mutum ne na masu kuɗi, wanda ake biya ya mayar da ƙarya gaskiya. Saboda haka ranar da aka kira ni ɗakin ganawa na ga wani matashi da jaka a hammata, ya ce sunansa Lauya Bello, Kawu ne ya turo shi, tuni na shirya abin da zan ce.

“Ranka ya daɗe, ka ce musu hwaɗuwa ya yi bisa hannun.”

Ya dube ni ya yi murmushi. “To, kai mi ya kawo ka nan, in hwaɗuwa ya yi? Ko kai na ƙasar da ya hwaɗa bisa?”

Ya ajiye jakarsa ya ci gaba da tambaya.

“Haliru, mutum nawa sunka gan ka da hauya?”

“Duk mutanen fadama.”

“To ka bar wanga zance. Ban zo in yi maka ƙarya ba, na zo in hid da kai ka koma ga albasarka kahin a gama shari'a. Ka san mi a beli?”

Na ce kuɗin da ake biya a saki mutum. Ya girgiza kai.

“Beli ba saye ba na, aro na. Ka taɓa aron jakin maƙwabci? Kotu za ta ba wani mutum aronka, shi ko ya yi alkawalin maido ka duk ranar da anka ce. Ba ya biyan ko kwabo yau. Amma za a rubuta kuɗɗi masu nauyi bisa kainai. In ka zo, ba abin da ya shahe shi. In ka ƙi zuwa, shi za a kama, shi zai biya. Shi ya sa kotu ba ta karɓar kowa sai mai gida ko gona da anka sani.”

“Wa zai yarda da wanga?”

“Kawunka ya riga ya yarda. Tun ban gama bayani ba.”

An ga wata muna ciki. Azumin farko da ruwan randa mai ɗumi na buɗe baki, da ɗan kunun da wani fursuna ya raba da ni. Cikin makon farkon nan aka mayar da ni kotu. Lauya Bello ya tashi ya yi magana da Turanci, aka fassara. Maigarinmu ya shaida cewa fadamar ta Kawu ce. Sai majistare ya dubi Kawu ya tambaye shi ko ya fahimci abin da zai ɗauka, domin kuɗin da aka ambata ba shi da inda zai samo su sai ya sayar da fadamar.

Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, “Na gane, ranka ya daɗe. Ɗan ƙanwata na. Kuma ina za shi? Albasatai na cikin ƙasa.”

Har magatakarda sai da ya yi dariya. Aka kama babban yatsan Kawu aka dangwala a tawada aka danna a takarda. Da muka fito ya riƙa riƙe yatsan a sama kamar wanda ya ji ciwo, yana tambaya ko tawadar na hana alwala.

A barandar kotun Lauya Bello ya riƙe hannun rigata. “Ka saurare ni da kyau. Talatar hwarko ta goman ƙarshe za ku dawo. Na san halin mutanenmu, kuna komawa gida dattawa za su sasanta ku. Abu mai kyau na, ku yi. Amma kotu ba ta san kun sasanta ba sai kun zo kun hwaɗa mata da bakinku, kai da Lawali. Ka ji?”

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji. Sai dai rabin hankalina ya riga ya kai fadama.

Ban tsaya gida ba, can na zarce. Na yi zaton zan tarar da kara, sai na tarar da albasa kore shar, ƙasa da danshi. Ashe tun ranar da aka tafi da ni Kawu ya yi gayya. Maƙwabta suka raba safiyoyi a tsakaninsu, Hajo na dama musu kunu kafin azumi ya kama, da ya kama kuma suka ci gaba da ja da bakinsu a bushe. Ranar da ba kowa, tsohon da kansa ya hau jigo, yana ja yana tari. Na tsuguna a bakin fangali ina shafa ganyenta.

Kamar yadda lauya ya faɗa, ba a yi kwana nawa ba liman ya tara mu bayan la'asar. Lawali ya zo da hannu ɗaure da karare, aikin maɗori. Na durƙusa gabansa na roƙe shi gafara. Na ɗauki nauyin maɗori, na kuma yi alkawarin ni zan cire masa albasarsa tun da ba shi da hannun yi.

Lawali ya ce, “Na yahe. Amma in za ka sake bugu, ka bugi na hagu, wanga ya gaji.”

Aka yi dariya, aka shafa Fatiha. Kowa ya tashi yana cewa magana ta mutu. A wurinmu in an shafa Fatiha a kan rigima, mai sake tayar da ita shi ne mara kunya. Ba wanda ya kawo zancen kotu, ni ma ban kawo ba.

Cirar albasa cikin azumin bazara aiki ne da ba a bayyana shi ga wanda bai yi ba. Daga sahur sai fadama, don a ci sanyin safiya. Kafin hantsi ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Kana tuge albasa, yajinta na shiga ido, leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe, iska in ta taso kamar daga bakin tanda. Da azahar mu kwanta a inuwar rudu mu jiƙa rawani mu rufe fuska. Da yamma a yanke ganye, a baza, a ware manya da ƙanana. In an kira magariba, Hajo ta aiko da kunun tsamiya da ɗan ƙosai, kofin farko ba ka jin ɗanɗanonsa, sai dai ka ji yana sauka har ƙafafu. Na cire ta Lawali tukuna, sannan tawa. Allah ya sa albarka a tawa fiye da kowace shekara.

Sai kasuwa ta faɗi. Kowa ya cire a lokaci guda, Goronyo ta cika da albasa har ana taka ta. Ni kuma ga hidimar maɗori, ga Salla na tafe, ga kunyar mutanen da suka yi mini wahala. Aka ce mini akwai babbar mota za ta Ibadan, da sauran wuri, kuma can albasa na da daraja. Na sa aka loda buhunana.

Ina ɗaure ƙunshin tafiya Hajo ta tsaya a bakin ƙofa. “Malam, ba lauya ya ce akwai ranar komawa ba?”

“An shahwa Fatiha gaban liman. Mi ya rage?”

“To ka biya ka gaya ma Kawu.”

“Mota na jira.”

Motar ba ta jira na ba sai da yamma. Ban biya gidan Kawu ba ne don na san abin da zai ce, kuma ba na son in ji.

Kudu wata duniya ce. Mun baro ƙasa tana ƙuna, muka tarar da ruwan sama ya sauka can. Zafinsu ba ya ƙona fata, sai dai ya lulluɓe ka kamar jiƙaƙƙen bargo. Albasa kuwa ba ta son haka. Muka tarar motoci sun riga mu, dillalin da ya sauke mu ya ce in haƙura zuwa jajibirin Salla, farashi zai tashi. Na zauna a rumfar kasuwa ina juya buhuna, ina fitar da masu ruɓewa. Talatar da aka ce ta zo ta wuce. Na tuna da ita, na ce a raina ai Lawali ma ba zai je ba.

Kwana biyu ko uku bayan haka wata mota ta shigo daga gida. Direbanta, wani ɗan Goronyo da ake kira Ɗanbaba, tun bai kashe inji ba ya leƙo yana kiran sunana.

“Haliru! Kai kana nan kana gadin albasa, tsoho na can za a raba shi da fadamatai!”

Ya ba ni labari a tsaye. Ranar Talata Kawu ya tafi Wurno shi kaɗai, don ya ce shi ya dangwala yatsa, ba liman ba. Aka kira sunana, shiru. Majistare ya ba da umarnin a kamo ni, ya ce wa Kawu ya kawo dalilin da zai hana a karɓi abin da ya yi alkawari. Lauya Bello ne ya tashi ya yi ta roƙo har aka ba su zuwa Talata mai zuwa. Daga kotu bai koma Sakkwato ba, sai ya wuce tashar albasa ta Goronyo, ya bi motocin kudu ɗaya bayan ɗaya yana ba kowane direba saƙo: duk wanda ya ga Haliru ya ce masa ya taho ko da ƙafa.

Zan so in ce nan take na tashi. Ban tashi ba. Dillali ya ce in na tafi yanzu sai dai ya sayar yadda ta samu, kuma rabinta ma ba za ta kai ba. Na zauna a kan buhu tun azahar har la'asar ta gota, ina saƙawa ina kwancewa, wai ko lauya zai iya sake roƙon wani mako. Noman shekara guda ne a ƙarƙashina. Abin da ya tashe ni shi ne yatsan nan. Na gan shi a idona, a ɗage, da shuɗin tawada, tsoho na tambaya ko ta hana alwala. Na miƙe na ce wa dillali ya yi yadda ya ga dama.

A saman lodin goro da katako na dawo. An ce matafiyi na iya ajiye azumi, amma na kasa kai ruwa bakina. Muka fito daga damina muka sake shiga bazara, itatuwa na raguwa, iska na ƙara zafi, har fatar fuskata ta fara saɓulewa. Motar ta lalace a hanya, muka yini a gefen titi ina kallon rana tana tafiya da kwanakin Kawu. Safiyar Talatar na sauka a Sakkwato, na sami motar Wurno da kyar.

A gindin dogon yaron da ke ƙofar kotu na hango Kawu. Yana zaune da tasbaha, kusa da shi ga buta, ga tabarma a naɗe, ga ɗan ƙunshin tufafi. Ya zo da shirin in an ce a tsare shi. A gefensa Lawali ne da hannunsa a rataye, Lauya Bello ya je har gida ya ɗauko shi. Na zo na zube a gaban Kawu. Bai dube ni ba. Ya ce wa lauya, “Ga jakin da anka ba ni aro. A shiga a maida ma masu shi.”

Majistare ya wanke ni tas, kuma ban ji kalma ɗaya da ban cancanta ba. Ya ce da ya ga dama da ya soke belin ya mayar da ni ɗaki in yi Salla a can. Lauya Bello ya bari ya gama, sannan ya yi bayani a natse cewa na dawo da ƙafata, kuma ga wanda aka yi wa rauni yana da magana. Lawali ya tashi ya ce an sasanta mu gaban liman, na biya maɗori, na cire masa albasa, shi ya yafe. Aka tambaye shi ko tilasta shi aka yi, ya ce a'a. Aka rubuta, aka kashe shari'ar, aka ce Kawu ya fita daga alkawarinsa. Abin da bai fi a sha kofin kunu ba, shi ne na tsallake na tafi har Ibadan.

Da muka fito Kawu ya miƙa mini tabarmar da butar in ɗauka. Muka yi tafiya kaɗan. Can ya tsaya ya yi tarinsa, ya ce, “Ni na yi wauta. Na ce ma alƙali albasarka na cikin ƙasa. Na mance albasa na hawan mota.”

Daga ranar bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Abin da dillali ya aiko mini bayan Salla bai kai kuɗin motar da ta kai albasar ba, ban kuma bi sawu ba. Da na je yi wa Lauya Bello godiya na tambayi abin da zan biya, ya ce in bari sai baɗi in kawo masa albasa mai kyau, ba irin ta Ibadan ba. Tun daga nan kowace shekara buhun farko Gandi yake zuwa. Yanzu ya tsufa, ya bar zuwa kotu, in na shiga zaurensa sai ya ce wa jikokinsa su rufe ƙofa kada in gudu.

Yau ba mai jan jigo a fadamarmu, inji ke ta ruri ko'ina, kuma saƙon da ya bi direbobi kwana da kwanaki yanzu waya ce ta minti guda. Ni da Lawali mun haɗa kuɗi mun sayi inji ɗaya, har yau hannunsa na yi masa tsami in sanyi ya shigo. Daga gindin rudun da nake zaune ina hango gonar da ke gabas da tawa, jikokin Kawu na cire albasa a cikinta da bakinsu a bushe. In baƙo ya tambayi ta wane ce, har yanzu fadamar Altine ake ce masa.